Yadda za a daidaita agogon sabobi ba tare da cron ya maimaita aiki ko ya tsallake shi ba

Nura_Sys

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar NTP, tsarin daidaita agogon na'urori ta hanyar sadarwa, sosai.

Sabobin Linux 14 nake kula da su, wasu Debian wasu Rocky, tara daga cikinsu VM ne, wato sabobin da manhaja ke ƙirƙira a cikin wani inji na zahiri. Abin da kawai ke daidaita agogonsu shi ne layi ɗaya a crontab (jadawalin cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a kan lokaci) da ke kiran ntpdate, mai saita agogo daga sabar NTP, a farkon kowace awa. A kan goma yana aiki. A kan huɗu kuwa katangar tsaro ta toshe ƙofar 123 da NTP ke bi, don haka kowacce tana tafiya da nata lokacin. Da na auna, uku suna gaba da kusan minti 4 da sakan 10, kuma dukkansu VM ne a kan inji ɗaya. Ta huɗun tana baya da sakan 40. Cikin masu gudun har da wadda ke ɗauke da rumbun bayananmu na PostgreSQL.

Ayyukan da ke cikin cron su ne: lissafin kuɗin abokan hulɗa da ƙarfe 02:00, wanda ko kusa bai kamata ya gudana sau biyu ba; kwafin ajiya da 02:30; rahoto a farkon kowace awa; sai wani ƙaramin aiki duk minti biyar da ke kwashe sabbin layuka daga rumbun bayanai ya tura wa wata saba.

Idan na mayar da agogo baya da minti huɗu, cron zai sake gudanar da abin da ya riga ya yi? Cikin manhajojin daidaita agogo, wanne ya fi dacewa tsakanin ntpd da chrony da systemd-timesyncd? Kuma akwai hanyar gyarawa ba sai an kashe sabobin ba?

Malam_Habu

Wa alaikumus salam. Malam Nura, kada ka fara da buɗe ƙofar 123. Fara da cire layin ntpdate daga crontab na sabobin nan huɗu. Dalili: ntpdate in ya tarar tazarar ta haura rabin sakan, tsalle yake yi da agogo nan take. Yanzu katangar tsaro ce ke kare ka ba ka sani ba. Da zarar ka buɗe ta, a farkon awa mai zuwa ntpdate zai samu amsa, ya mayar da agogon PostgreSQL baya da sakan 250, daidai lokacin da rahoton awa ke tashi.

Hanyar gyara agogo iri biyu ce. Akwai tsalle, wato a ɗauke agogo daga 03:02 a dire shi 02:58 lokaci guda. Akwai kuma lallaɓawa, wato a rage masa gudu ko a ƙara masa kaɗan har lokacin gaskiya ya cim masa. A lallaɓawa babu mintin da ke ɓacewa, babu wanda ke dawowa sau biyu, agogo bai taɓa komawa baya. Mintin ne kawai ke ɗan miƙewa ko ya ɗan gajarce. Cron ba ya ma lura. Saboda haka a kan sabar da ke aiki lallaɓawa ake yi, tsalle kuwa sai lokacin tashin na'ura, kafin cron da rumbun bayanai su fara.

Inda manhajojin uku suka bambanta shi ne yaushe kowacce ke yanke shawarar yin tsalle, da kuma saurin lallaɓawarta.

ntpd yana tsalle in tazara ta wuce milisakan 128 kuma ta ɗore. In ta wuce sakan 1000 sai ya ƙi taɓawa ya fita, sai dai an tashe shi da -g. Da -x ana ɗaga iyakar tsallen zuwa sakan 600, to amma lallaɓawarsa ba ta wuce ppm 500, wato rabin milisakan a kowane sakan. Gyaran sakan ɗaya yana cin sakan 2000. Naka 250 zai ci sakan 500,000, kwana biyar da awa 19 ke nan.

systemd-timesyncd ka ajiye shi gefe. Saba ɗaya yake saurara a lokaci guda, ba ya kwatanta majiyoyi, kuma in tazara ta kai wajen sakan 0.4 tsalle yake yi, babu inda za ka hana shi. Ya isa ga kwamfutar tebur, bai isa ga sabar da ke lissafin kuɗi ba.

chrony shi nake ba ka shawara. Ba ya tsalle sai an ba shi izini da layin makestep, kuma kai ke zaɓar saurin lallaɓawa da maxslewrate. In ba ka saka komai ba, iyakarsa ppm 83,333 ne, wato kashi ɗaya cikin sha biyu, kuma da wannan sakan 250 zai ƙare cikin kimanin minti 50. Ni dai ban so a bar shi a haka a kan rumbun bayanai, domin a Linux lallaɓawa tana shafar CLOCK_MONOTONIC ma, wanda manhajoji ke auna wa'adin jira da shi. Duk wa'adi zai miƙe da sama da kashi 8 cikin ɗari na tsawon wannan lokaci. Da 5000 kuwa minti ɗaya zai zama sakan 60.3, babu wanda zai ji, kuma aikin zai kammala cikin kusan awa 14. Wadda ke baya da sakan 40 za ta daidaita cikin awa biyu da kwata.

Ga tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Fayil ɗin saitin da ke zuwa da chrony, a Debian da Rocky duka, yana ɗauke da makestep 1 3. Ma'anarsa: a gyare-gyare uku na farko bayan chronyd, ɓangaren chrony mai gudana a bayan fage, ya tashi, in tazara ta wuce sakan ɗaya, a yi tsalle. Bayan chronyd ya tashi aka ce, ba bayan na'ura ta tashi ba. Debian kuma da ka girka manhaja take kunna ta. Wato apt install chrony da rana tsaka ya isa ya jefa agogonka baya kafin ka buɗe fayil ɗin. Maganinsa ka ƙirƙiri /usr/sbin/policy-rc.d mai layi biyu, #!/bin/sh da exit 101, ka ba shi izinin gudana, ka girka, sannan ka goge shi. Rocky ba ta kunna shi da kanta a lokacin girkawa, amma duba ko yana nan tun asali.

Bayan girkawa ka auna ba tare da taɓa agogo ba (saka adireshin sabar NTP ɗinka a madadin 10.0.0.11):

chronyd -Q 'server 10.0.0.11 iburst'

Babban Q aunawa kawai yake yi ya faɗa maka tazarar. Ƙaramin q kuwa gyarawa yake yi da tsalle ya fita, ka kula da yatsanka. Sai ka gyara saitin, /etc/chrony/chrony.conf a Debian, /etc/chrony.conf a Rocky: ka toshe layin makestep da #, ka ƙara maxslewrate 5000 da logchange 0.5, ka bar driftfile da rtcsync yadda ka same su. Ka tabbatar timesyncd da ntpd a kashe suke, domin manhajoji biyu kan agogo ɗaya jan-in-ja za su yi ta yi. Sannan ka kunna. A chronyc tracking, layin System time shi ke nuna abin da ya rage a gyara, za ka ga yana raguwa da kimanin sakan 18 kowace awa.

Fara da wadda ke baya da sakan 40, ita ce mafi ƙarancin haɗari, ka ga yadda abin ke tafiya.

Hadiza_Ops

Malam Habu ya gama da ɓangaren NTP. Bari in amsa tambayar farko, domin amsar "cron yana da kariya" da ake yawan bayarwa rabin gaskiya ce.

Cron na Debian da cronie na Rocky duk daga na Paul Vixie suka samo asali. Cikinsa yana riƙe da mintin ƙarshe da ya duba. Duk farkawa sai ya kwatanta shi da agogo, ya ga minti nawa ne a tsakani. Sannan yana raba ayyuka gida biyu: masu tsayayyen lokaci, irin 0 2 * * *, da masu tauraro a gurbin minti ko gurbin awa, irin */5 * * * * da 0 * * * *. Wannan rabon shi ne komai.

In agogo ya yi gaba da minti biyar ko ƙasa, cron yana ɗauka makara ya yi, sai ya bi mintocin da suka wuce ɗaya bayan ɗaya ya gudanar da duk abin da ke cikinsu. In ya yi gaba da fiye da minti biyar amma bai haura awa uku ba, masu tsayayyen lokaci da aka tsallake za su gudana nan take, masu tauraro kuwa na mintin da ake ciki kawai za a duba. In agogo ya koma baya da ƙasa da awa uku, masu tsayayyen lokaci za su jira har agogo ya wuce inda yake a da, ba za su maimaitu ba. Masu tauraro kuwa ci gaba za su yi da gudana bisa sabon lokacin. In canjin ya wuce awa uku ta kowane ɓangare, cron yana ɗaukarsa gyara ne, ya rungumi sabon lokaci, ba ramuwa ba kariya.

Ka ɗora wannan a kan jadawalinka. A ce tsallen ya faru da 02:01, agogo ya koma 01:57. Lissafin kuɗi na 02:00 ba zai sake tashi ba. Rahoton awa zai sake, domin tauraro ne a gurbin awarsa. Na minti biyar ma zai sake yin na 02:00.

Sai dai kariyar nan a ƙwaƙwalwar cron mai gudana take, ba a rubuce take a faifai ba. In ka tsayar da cron, ka mayar da agogo baya, ka sake kunna shi, ya manta komai. Da 02:00 ta sake zagayowa lissafin kuɗi zai gudana karo na biyu. Haka in ka tsayar da shi ka tura agogo gaba, abin da ya faɗa cikin mintocin da aka tsallake ya tafi ke nan. Mai tsayar da cron don ya kare kansa, in bai yi lissafi ba, shi ne ya cire kariyar da hannunsa. Kuma wannan duk na zuriyar Vixie ne. crond na BusyBox da ke cikin ƙananan kwantenoni da masu tsara lokaci na cikin manhajoji kowanne da tasa ƙa'idar.

Abin da ya fi damuna a bayaninka ma ba maimaici ba ne, aikin minti biyar ɗin nan ne. In yana zaɓar layuka da sharaɗin "lokacin rubutawa ya fi na zagayen da ya gabata", tsalle baya zai sa ya yi asarar bayanai shiru. Zagayen ƙarshe ya rubuta 03:02. Agogo ya koma 02:58. Duk layin da ya shigo cikin minti huɗu masu zuwa zai ɗauki hatimin da bai kai 03:02 ba, kuma babu zagayen da zai ƙara waiwayarsa. Babu kuskuren da zai fito a log. PostgreSQL kansa ba zai lalace ba, domin jerin ma'amalolinsa da lambobi yake bi, ba da agogon bango ba. Amma now() agogon bango ne, kuma in wata rana ka so dawo da rumbun zuwa wani lokaci da recovery_target_time, mintocin nan huɗu sau biyu suke a tarihi. Haka kwafin ajiya mai dogaro da lokacin canjin fayil, irin find -newer, zai iya tsallake fayiloli.

Ko da agogo ya daidaita, lissafin kuɗi ya kamata ya kare kansa. flock -n yana hana kwafi biyu gudana a tare, amma bai hana na biyu tashi bayan na farko ya gama. Ana buƙatar alamar rana:

0 2 * * * mkdir /var/lib/lissafi/$(date +\%F) && flock -n /run/lissafi.lock /opt/lissafi.sh

mkdir yana faɗuwa in babban fayil ɗin ranar yana nan, sai aikin ya ƙi tashi. Lura da \ kafin %, domin a crontab % na nufin sabon layi. Illar wannan tsari ita ce in aikin ya mutu a tsakiya, alamar na nan, sai mutum ya goge ta da hannu. Ga lissafin kuɗi hakan ya fi alheri. Mafi ƙarfi kuma shi ne sharaɗin UNIQUE, mai hana maimaituwa, a kan abokin hulɗa da rana a cikin rumbun kansa.

Nura_Sys

Allah ya saka da alheri, Malam Habu da Malama Hadiza. Aikin minti biyar ɗin da lokaci yake zaɓa, kamar yadda kika zata. Na cire ntpdate daga huɗun.

Saura abu biyu. Awa 14 sabobin uku za su yi suna saɓa wa sauran, ba matsala? Kuma in na toshe makestep har abada, me zai faru ranar da wata saba ta tashi da agogon da ya kauce da awa guda?

Injiniya_Sabo

Watanni suka yi suna saɓawa, awa 14 ba za ta ƙara komai ba, tunda tazarar raguwa take yi. Agogo mai kuskuren ppm 20 yana tara sakan 1.7 a rana, don haka sakan 250 aikin kusan wata biyar ne. Abin lura dai shi ne kana bakin rami: tsakanin masu gudu da mai latti akwai sakan 290, kuma Kerberos, tsarin tantance masu shiga, a saitinsa na asali sakan 300 yake yafewa. Lambobin shiga na wucin gadi, wato TOTP, kuma duk sakan 30 suke canzawa. In kana amfani da ɗaya cikinsu, kada a kai mako mai zuwa.

Inda na ɗan saɓa da Malam Habu shi ne lallaɓawa ba ita ce amsa kullum ba. Lissafi ne. A ppm 5000, tazarar awa ɗaya kwana takwas da awa takwas take ci. Babu mai zaman jiran wannan. In tazara ta kai haka, ko kuma dama akwai lokacin gyara da aka ware, tsalle cikin tsari ya fi tsabta. Ga yadda ake yinsa in baya za a koma.

Ka duba crontab na kowane mai amfani, da /etc/cron.d, da systemctl list-timers, ka zaɓi lokacin da babu aiki mai tsayayyen lokaci a cikin tazarar, gaba da baya. Misali 04:20, nesa da farkon awa. Ka tsayar da cron, ka jira ayyukan da ya riga ya tayar su gama, domin tsayar da cron ba lallai ya zama ƙarshensu ba. Ka tsayar da manhajar da ke rubutu, sannan PostgreSQL. Ka rubuta abin da date ya nuna a wannan lokacin. Sai chronyc makestep. Daga nan ka naɗe hannu har agogo ya sake wuce lokacin da ka rubuta. A naka minti biyar ne. Wannan jiran shi ke sa babu hatimin lokaci ko ɗaya da zai maimaitu, babu kuma aikin da cron zai sake gani. Sannan hwclock --systohc, ka tayar da rumbun, sai manhaja, cron a ƙarshe. In gaba za a yi tsallen babu jira, amma ka rubuta ayyukan da suka faɗa cikin mintocin da aka tsallake ka gudanar da su da hannu.

Kan tambayarka ta biyu: kada ka toshe makestep har abada. Bayan System time ya sauka ƙasa da milisakan kaɗan, mayar da makestep 1 3. Daga nan ko an sake kunna chronyd da rana ba zai yi tsalle ba, tunda tazarar ba ta kai sakan ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a tabbatar tsallen lokacin tashi ya faru kafin cron, ba bayansa ba. Kunna chrony-wait.service, wadda ke riƙe time-sync.target har agogo ya daidaita. Sannan ka duba systemctl cat cron a Debian, ko crond a Rocky. In babu time-sync.target a layin After, ƙara shi da systemctl edit. Yi wa PostgreSQL haka. In ba a kunna chrony-wait ba, layin After ɗin ado ne kawai, domin babu mai jinkirta shi.

Masu ƙidayar lokaci na systemd da ke amfani da OnCalendar suna samun wannan jiran kai tsaye, kuma Persistent=true yana sa su rama abin da ya wuce su na'ura na kashe, abin da cron ba ya yi. Masu OnUnitActiveSec kuwa da agogon monotonic suke aiki, tsalle bai dame su ba. Aikin "duk minti biyar" can ya fi dacewa da OnUnitActiveSec, amma sai an gyara yadda yake zaɓar layuka tukuna.

Wasu suna saka makestep 1 -1 a VM, wato tsalle a kowane lokaci. Yana da amfani ga injin gwaji da ake dakatarwa ana ci gaba. A sabar rumbun bayanai kuwa ntpdate ɗin da ka kora ne ka dawo da shi da sabon suna.

Abu_Maryam

Babu wanda ya taɓo dalilin da ya sa uku a kan inji ɗaya suka kauce da adadi ɗaya. Wannan alama ce cewa agogon injin da ke ɗauke da su ne ya kauce, su kuma suna kwafa. In ba a gyara shi ba, an gudu ba a tsira ba. In a kan VMware suke, VMware Tools da ke cikin kowane VM, ko an kashe daidaitawar lokaci-lokaci, yana iya daidaita agogon VM ɗin da na injin a wasu lokuta na musamman: bayan an ci gaba daga dakatarwa, bayan vMotion (ƙaurar da VM zuwa wani inji), da lokacin ɗaukar snapshot (hoton halin da VM ke ciki) ko komawa gare shi. Ka yi awa 14 kana lallaɓawa, manhajar kwafin ajiya ta ɗauki snapshot da dare, agogo ya sake tsallawa gaba da minti huɗu. Don haka a saka wa injin kansa NTP daga majiyoyi iri ɗaya, kuma a kashe waɗannan daidaitawar a saitin kowane VM kafin a fara. A KVM da Hyper-V akwai hanyar karanta agogon injin ta refclock PHC, amma ba ta da amfani sai agogon injin ya zama abin dogaro. Kwantenoni kuwa agogon kanel ɗin da suke kai suke gani, ba a saka musu chrony.

Batun majiyoyi. Ɗaya ba ta da mai ƙaryata ta. Biyu in suka saɓa ba a san mai gaskiya ba. Uku suna iya fitar da maƙaryaciya ɗaya, amma in ɗaya ta mutu an koma biyu. Shi ya sa RFC 8633, takardar jagora kan amfani da NTP, ta ba da shawarar aƙalla huɗu. Ga sabobi 14, abin da ya fi shi ne a ware uku ko huɗu, zai fi kyau injina na zahiri, su riƙa ɗaukowa daga waje, a saka musu allow da adireshin cikin gida, sauran duk su sha daga gare su. Ƙofar UDP 123 zuwa waje sai a buɗe wa waɗannan kaɗai. Ga rumbun bayanai da log, sabobinka su yarda da juna ya fi muhimmanci a kan kowacce ta yi daidai da duniya ita kaɗai.

A chronyc sources ka duba abu biyu. Alamar ^* ita ce majiyar da aka zaɓa, ^+ waɗanda ake haɗawa da ita, ^x wadda aka ɗauka maƙaryaciya, ^? wadda ba a samu ba ko ba a yarda da ita ba tukuna. Reach 377 na nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun samu amsa. In ya tsaya a 0, katangar tsaro ce ko adireshi. In Reach ya cika amma ^? bai gushe ba kuma majiyar Windows ce, yawanci kuskuren da take bayyanawa ne ya wuce maxdistance na sakan 3, sai a ɗaga shi zuwa 16, ko ma a nemi wata majiyar.

Sai sakan ɗin ƙari, wanda ake ƙara wa UTC, agogon duniya, don ya dace da juyawar ƙasa. Tun 1972 an ƙara 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016, kuma a 2022 babban taron ma'aunai na duniya ya amince a daina wannan tsari nan da 2035. Yadda kanel ɗin Linux ke shigar da shi tsalle ne na sakan ɗaya baya. Na ƙarshen Yunin 2012 ya tayar da wata matsala a kanel da ta sa manhajojin Java da MySQL suka cinye CPU a sabobi da yawa. A chrony, leapsecmode slew yana mayar da shi lallaɓawa. Google da Amazon kuwa shafe sakan ɗin suke yi cikin awa 24, saboda haka a irin wannan rana sabobinsu suna saɓa wa na pool.ntp.org da har rabin sakan. Kada a gauraya iri biyun a fayil ɗaya.

A ƙarshe, agogon allon na'ura ya zauna a UTC: timedatectl set-local-rtc 0. In sabobin suna yankin da ake canza agogo da bazara, a mayar da su UTC, ko a kauce wa tsara aiki a tsakar daren da canjin ke faɗawa.

Malam_Habu

Na yarda da gyaran Injiniya, da na Abu Maryam musamman. Jerin aikin ya canza ke nan: a kashe daidaitawar VMware a VM ukun, a gyara agogon injin, sannan a kunna chrony a cikinsu.

Ƙari ɗaya bayan komai ya lafa. Saka maxchange 100 1 -1. Bayan gyaran farko, duk gyaran da ya wuce sakan 100 chronyd zai yi watsi da shi ya rubuta a log, kuma -1 na hana shi fita. Wannan shi ke tsare ka ranar da wata majiya ta haukace. Tunda zai yi shiru ne ya ƙi gyarawa, dole manhajar sa-ido ta riƙa karanta chronyc -c tracking, ta yi ƙara in System time ya wuce milisakan 100, ko Leap status ya nuna Not synchronised. Sabobin goman da ntpdate ke aiki a kansu ma a mayar da su chrony ɗaya bayan ɗaya. Su tazararsu ƙarama ce, amma duk da haka ka toshe makestep a kunnawar farko, ka duba tracking, sannan ka mayar da shi.